Yadda Jami'o'i Ke Haɗa Gwiwa Kan Sauyin Yanayi

Tambayar wani mai sauraro ita ce: ta yaya jami'o'i ke musayar ɗalibai da malamai domin nazarin sauyin yanayi?

Musayar tana tafiya ne bisa yarjejeniya, inda kowace jami'a ke buɗe wa abokiyar hulɗarta ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje. A Afirka ta Yamma, fitaccen misali shi ne shirin WASCAL, wanda ma'aikatar bincike ta Jamus ke ɗaukar nauyinsa. Hedikwatarsa tana Akara, cibiyar bincikensa kuma tana Wagadugu.

An raba wa jami'o'in yankin fannoni. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ta riƙe ɓangaren makamashi, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana nazarin tsarin yanayin yankin, ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi kuma tana duba amfani da ƙasa. Ana ɗauko ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe daban-daban. Da yake wasu da Faransanci suka yi karatu, wasu da Ingilishi, akan fara koya musu harshen juna. Daga nan ɗalibi yakan koma gida ya tattara bayanan ruwan sama, zafi ko amfanin gona, malaman Afirka da na Jamus suna duba aikinsa.

Amfanin wannan tsari babba ne, domin fari da ambaliya ba su san iyakar ƙasa ba. Yankin na samun masana 'yan gida masu iya hasashen damina da ba gwamnatoci da manoma shawara.