Tankin Najasa a Jirgin Ruwa: Yadda Ake Kafa Shi da Kwashe Shi

Jama'a masu ɗimbin yawa ne ke sha da wanka a kogin Kwara da na Binuwai, tun daga Yawuri har Lokoja da Makurɗi. Jirgin da ke zubar da bayan gida cikin kogi kuwa, a randar waɗannan mutane yake zubawa. Ta haka kwalara da zazzaɓin taifot da tsargiya ke bin ruwa daga gari zuwa gari. Maganin wannan shi ne tankin da zai riƙe najasa har jirgi ya iso tasha.

Akan yi tankin da roba mai kauri, domin fitsari yana cin ƙarfe a hankali. Girmansa ya danganta da yawan fasinja da kwanakin tafiya. A ɗaure shi tamau kusa da makewayi, don cikakken tanki mai lita 100 ya kai nauyin kilo 100, in ya kwance cikin igiyar ruwa zai tsinke mesa. Mesar da ta taso daga makewayi ta zama gajeriya, kada ta yi lanƙwasar da ƙazanta za ta kwanta a ciki.

Tanki yana da baki uku: na shiga, na kwashewa, da na numfashi. Na ukun nan shi aka fi rainawa, alhali shi ne ran aikin. Bututu ne da ke fita ta gefen jirgi, can sama da inda ruwa ke kaiwa. Muddin iska na shiga, ƙwayoyin da ke narkar da najasa ba tare da ɗoyi ba za su rayu. In zanzaro ya yi gini a ciki ya toshe, sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika jirgi, tankin ya kumbura, ko kuma ya lotse sa'ad da famfo ke zuƙa. Iskar da ke taruwa ciki guba ce, tana kuma kama wuta, saboda haka kada a leƙa da ashana ko fitila.

Kada a jira tanki ya cika. Da ya kai kashi uku cikin huɗu a kwashe. Ma'aikaci ya sa safar hannu, ya duba bututun numfashi, ya buɗe murfi a hankali, ya haɗa mesa, sannan ya tada famfo. Bayan an zuƙe, a zuba ruwa mai tsabta a sake zuƙewa. Inda babu famfon tasha, a kira motar kwasar masai.

Dokar duniya ta MARPOL, wadda sashenta na najasa ya fara aiki a 2003, ta yarda manyan jiragen teku su zubar da ɗanyar najasa bayan sun wuce mil 12 na teku daga gaɓa. Wannan rangwame bai shafi kogi ko tafkin Kainji ba.