Daɗin Yau ko Albarkar Gobe?

Karatu: Farawa 25:29-34, Ibraniyawa 11:24-26

Kowane gida yana da ranar da zai tsaya a mararraba: hanya ɗaya mai daɗi, ɗaya mai zafi. Halin ɗan Adam ne ya bi mai daɗin, amma mai hikima yakan fara tambayar inda kowacce za ta ɓulle.

1. Isuwa da Musa

Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, ya sayar wa Yakubu matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Ya ƙoshi na yini guda, ya yi nadama daga baya da hawaye. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Musa kuwa ya tashi a fadar Fir'auna, amma ya zaɓi shan wuya tare da jama'ar Allah. Isuwa ya auna da cikinsa, Musa ya auna da bangaskiya.

2. Darasi daga Kafanchan

A watan Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a Kafanchan da Zonkwa. An yi asarar rayuka, kasuwar Kafanchan ta ƙone, Kirista da Musulmi duka suka yi makoki. Ga wanda ya binne ɗansa, ramuwa tana da zaƙi, zama da abokin gāba kuwa ɗaci ne. Duk da haka, a watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Kachia, Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Takardar ba ta kawo ƙarshen kashe-kashe ba, amma masu sa hannun sun gane cewa daɗin ramuwa na dare ɗaya ne, bashinta kuwa 'ya'ya ne za su biya.

3. Yadda ake awo

Kafin yanke shawara kan aure, ƙaura, bashi ko gafara, iyali su zauna su tambayi kansu: Daɗin nan na kwana nawa ne? Wa zai ɗauki zafinsa? Zai girmama Ubangiji? Ba kowane daɗi ne zunubi ba, ba kuma kowace wahala ce nufin Allah ba. Saboda haka a haɗa awon da addu'a da shawarar dattawan ikkilisiya.

Tambaya don tattaunawa: Wane kwanon fate ne aka miƙa wa gidan nan a bana?