Darasin kalmomi: tafiyar kalmar "boat"

A Yamai da Gaya ana ganin kwale-kwale kullum bisa kogin Isa. Sarkawa suna kamun kifi da shi, 'yan kasuwa suna ƙetare ruwa da kayansu a ciki. Da Ingilishi, ƙaramin jirgin ruwa irin wannan sunansa boat. Haruffa huɗu gare ta, amma ba a faɗin harafin a. Wajen furuci ta yi kusa da "bot", sai dai ana ɗan jan wasalin.

Ma'anarta

Mutanen Ingila sun raba jiragen ruwa gida biyu. Ƙarami, wanda ake tuƙawa da filafili, ko da gora, ko da ɗan inji, shi ne boat. Babba kuwa, mai ƙetare teku, irin masu kawo kaya tashar Kwatano, shi ne ship. Ma'aikatan teku suna da hanyar ganewa mai sauƙi. Sun ce ship yana iya ɗaukar boat, amma boat ba ya iya ɗaukar ship. Duk da haka akwai togo: jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin ruwa, kome girmansa, boat suke ce masa.

Idan suna da yawa, sai a ƙara s, a ce boats. Ana kuma haɗa kalmar da wasu. Boatman shi ne matuƙi. Lifeboat shi ne jirgin ceton mutane in haɗari ya auku. Idan wahala guda ta sami mutane biyu, Bature yakan ce suna cikin boat ɗaya. Bahaushe ma yakan ce jirgi ɗaya ya kwaso su.

Asalinta

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A ƙarni na 5, wasu ƙabilu da ake kira Angal da Sakson suka taso daga arewacin Jamus da Danmak, suka ƙetare teku suka zauna Ingila. Harshensu shi ne kakan Ingilishi. A cikinsa ana ce wa ƙaramin jirgi bat, da dogon wasali, kamar "baat". Da shekaru suka wuce, sai wannan dogon a ya rikiɗe ya koma o. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Akuya da can gat ce, yanzu ta zama goat. Dutse da can stan ne, yanzu ya zama stone.

Yadda ta shiga Faransanci

A shekarar 1066, Giyom, shugaban Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci da Ingilishi suka daɗe suna zaman tare a ƙasa guda. Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci. Faransanci kuma ya ari kaɗan, cikinsu har da bat. Masu Faransanci suka ɗora mata wutsiya, ta zama batel. Haka aka same ta a rubuce-rubucen ƙarni na 12. Daga baya ƙarshen kalmomi irin waɗannan ya sake: martel, wato guduma, ta zama marteau, batel kuma ta zama bateau. Harafin l bai ɓace ɗungum ba, yana nan cikin batelier, wato mai tuƙa jirgi.

Ashe boat da bateau uwarsu ɗaya. Amma zumunta ba ta sa halinsu ya zo ɗaya ba. Bateau ta faɗaɗa: ƙarami da babba duka ana iya kiransu da ita. Don haka ɗalibin da ya ga bateau kada ya yi saurin fassara ta da boat. Ya fara duba girman jirgin tukuna.

Kalmar jirgi ta Hausa ta fi su faɗaɗa. Da farko na ruwa kaɗai ake nufi da ita. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Hausawa suka ce jirgin ƙasa. Da mai tashi ya zo, suka ce jirgin sama. Shi ya sa yanzu ake ƙara "na ruwa" don a bambanta.

Mu riƙe

Boat ƙaramin jirgin ruwa ne, ship babba. Boat ta fito daga bat, kuma bateau ma daga nan ta fito. Duk harsunan da suka yi maƙwabtaka sai sun ari kalmomin juna.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin boat da ship?
2. Yaya ake faɗin boat a tsohon Ingilishi?
3. Me ya faru a Ingila a shekarar 1066?
4. Wane harafi ne ya rage cikin batelier, amma babu shi cikin bateau?

Aiki

Ku rubuta cikin kaye kalmomi biyar da Hausa ta aro daga Faransanci, kamar lakwal. Ku tambayi dattawan gidanku biyar kuma da ta aro daga Larabci.