Daga Kano zuwa Legas a mota

Wani mai sauraro daga Kano ya tambaya: yaya baƙo zai shiga Legas a mota, ya kuma zagaya cikinta?

To, malam, mota takan bi ta Kaduna, ta tsallake Kogin Kwara a gadar Jebba, ta ratsa Ilori da Ibadan, sannan ta shiga Legas ta Berger. 'Yan arewa da yawa sukan sauka a Agege ko kasuwar Mile 12.

Cikin gari kuwa, danfo, ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa, ita ce ta mamaye tituna, sai dai kuɗinta kan tashi da yamma, lokacin cunkoso. Baƙo ya fi samun natsuwa a bas ɗin BRT, wadda ta fara aiki a 2008 kan layinta na musamman. Da katin Cowry ake biya. Acaba kuma an hana ta a manyan hanyoyi.