Maganin Feshi da Mai Juna Biyu: Amfanin Hoton Kwalba a Waya

A Matazu da kewaye, da wuya gidan manomi ya rasa maganin feshi ko fiya-fiya. Gubarsu tana shiga ta fata, numfashi da baki, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Saboda haka kada mai juna biyu ta yi feshi ko ta wanke tufafin mai feshi.

Maigida, ɗauki hoton rubutun jikin kowace kwalba da wayarka. In tsautsayi ya auku, a tuɓe tufafin, a wanke jiki da sabulu. Kada a ba ta manja ko madara, kada a sa ta amai. A garzaya asibiti da hoton, domin sunan sinadarin ne zai nuna wa likita irin maganin da ya dace.