Yadda Ake Gane Altaneta Ta Yi wa Mota Kaɗan Idan An Kunna AC

A lokacin bazara, direbobin da ke bin hanyar Yako, Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa kan kwana da matsala guda: da an kunna AC sai fitila ta dushe, fanka ta rage gudu, da safe kuma mota ta ƙi tashi sai an tura. Da yawa sukan sayi sabon batir, bayan kwanaki matsalar ta dawo, domin sau da yawa altaneta ce ba ta iya ɗaukar nauyin.

Abin da ke cin wutar

Bel ne ke juya kwamfireso. Masu shan wuta su ne fankar cikin mota da fankar gaban lagireto, kowacce kan ja am 10 zuwa 20, sai kulocin kwamfireso mai jan kamar am 4. Fitilun gaba biyu masu wat 55 suna ƙara kusan am 9. Lambar da ke jikin altaneta, kamar 70A ko 90A, ƙarfinta ne idan tana gudu sosai. A silo, kusan rabin haka take bayarwa.

Gwaji da mita

1. A kashe mota, a auna kan batir. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6.
2. A tayar da inji, komai a kashe. Ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.5.
3. A kunna AC, fanka a ƙarshe, da fitila. Idan ya faɗi ƙasa da 12.6, motar tana cin batirinta ne.
4. A taka totur zuwa 2,000 a agogon inji, a sake dubawa.

Ma'anar sakamako

Idan wutar ta koma kusan 14 bayan an taka totur, altaneta tana da lafiya, ƙarfinta ne bai kai ba a silo. Idan ba ta tashi ba, a nemi lalacewa: burushi ya cinye, dayod ya ƙone, ko bel ya saki. Ƙarar bel lokacin kunna AC alama ce ta santsi.

Kafin a kashe kuɗi, a auna tsakanin babbar wayar altaneta da kan batir, inji yana aiki, komai a kunne. Idan ya wuce rabin bolt, waya ce ko tsatsa, kuma mai wayarin zai gyara da kuɗi kaɗan. Haka za a duba wayar as.

Idan canji ya zama dole, a karanta lambar am a jikin wadda za a saya, ko a Ƙofar Ruwa ne, a tabbatar ta kai abin da kamfanin motar ya tsara. Altaneta biyu kan yi kama a ido, ƙarfinsu ya bambanta. Wadda ta fi ta asali ƙarfi kuma tana buƙatar waya mai kauri da fiyus daidai da ita, don gudun gobara.