Yawo da sayayya a birnin Gwanju

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai tocila, da takalman roba, da salula, da kwanoni masu yawa. Da yawa daga cikinsu daga ƙasar Sin suka fito. Wasu ƴan kasuwarmu kan tafi can da kansu su saro su. Birnin da suka fi sauka shi ne Gwanju, wanda Turawa ke kira Kanton.

Gwanju na kudancin ƙasar Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u, kusa da teku. A ƙidayar shekarar 2020 mutanensa sun fi miliyon 18. Tafiyar akwai nisa. Idan ƙarfe 8 na safe ta yi a Yamai, a can ƙarfe 3 na rana ce.

Tun zamanin da, Gwanju garin fatauci ne. Larabawa da Farisawa sun riƙa zuwa da jiragen ruwa suna sayen alharini da tangaran. Daga 1757 zuwa 1842, nan kaɗai sarkin Sin ya yarda Turawa su yi ciniki. Tun 1957 kuma ana cin wata babbar kasuwar baje koli a garin, sau biyu a shekara.

Baƙo ba ya rasa abin kallo. Akwai masallacin Hwaishan, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Mutanen garin na cewa ya fi shekara 1300. Hasumiyarsa ta kai metir 36. A wani babban lambu kuma akwai siffar awaki biyar da aka sassaƙa da dutse. A tatsuniyar garin, su ne suka kawo zangarniyar shinkafa lokacin yunwa. A bakin kogi akwai sabuwar hasumiya mai tsawon metir 600, wadda aka buɗe a 2010. Daga samanta, jiragen ruwa kamar tururuwa.

Amma ɗan kasuwa ba kallo kaɗai ya kai shi ba. Yakan sauka a unguwar Shiyawbe, inda ƴan Afirka suke da yawa, kuma ana samun abincin halal. Kasuwannin can manyan benaye ne. Wani bene tufafi kaɗai ke cikinsa, wani takalma, wani kayan lantarki. Sunan kuɗin ƙasar yuwan.

Yaya ake ciniki, alhali ba a jin harshen juna? Mai kanti ya rubuta kuɗi a na'urar lissafi, ya nuna. Mai saye ya girgiza kai, ya rubuta nasa tayin. Haka ake yi har a daidaita. Wani kuma ya ɗauki tafinta.

A nan ne ake son buɗe ido. Takalmi biyu na iya kama da juna, ɗaya ya yi shekara, ɗaya ya tsinke cikin sati. Araha ba ta ado. Wani lokaci kuma abin da aka nuna a kanti daban, abin da aka ɗaure cikin kwali daban. Saboda haka mai wayo ba ya cinikin biri a sama. Yakan ba da kafin alƙalami, ya jira. Idan kaya sun haɗu, ya buɗe kwalaye, ya ƙidaya, ya duba, sannan ya cika kuɗi. In ya yi sakaci, jarin da ya daɗe yana tarawa ne zai salwanta, don mai da kaya ba shi da sauƙi.

Nijar ba ta da teku. Jirgin ruwa kan yi fiye da wata guda kafin ya iso wata tasha kamar ta Lome. Daga nan kamyo ya ɗauko kayan, a biya duwan, sannan su shigo kasuwa.

Tambayoyi
1. A bakin wane kogi Gwanju yake?
2. Idan ƙarfe 10 na safe ta yi a Tawa, ƙarfe nawa ne a Gwanju?
3. Mene ne cinikin biri a sama?
4. Ku dubi kayan gidanku, ku kawo sunayen uku da aka ƙera a ƙasar Sin.